Kwalba Shida Don Gidan Surukai

Asabar ce a Milwaki, ƙanƙara ta kai idon sawu,
ni kuma ina tsaye gaban firiji mai ƙofa goma sha biyu
kamar wanda aka aika sayen sa
a kasuwar da bai san dillali ba.

Baban Ingrid ya faɗa mata ta waya:
kada yaron ya wahalar da kansa,
ya riƙo mana filsina kawai.
Kawai!
A garinmu da ƙwaryar goro ake buɗe bakin suruki,
nan kuwa kwalba shida ce a kwali mai mariƙi.

Ga koriya, ga mai ruwan ƙasa,
ga gwangwani da hoton barewa,
kowace tana rantsuwa ita ce 'yar asali.
Na daɗe har numfashina ya rufe gilashin.

Sai tsoho Dubek mai shagon ya taso,
yana jan ƙafa ɗaya, fensir a bayan kunne.
Ya ce, kada ka karanta fuskarta, juya ta.
Nemi ranar da aka ɗura ta.
Filsina ba ta iya tsufa ba,
wata huɗu, biyar, ta fara mance sunanta.
Koriyar nan ma bar ta inda take,
haske ya sha shiga cikinta,
ka buɗe ka ji kamar jaɓa ta kwana a ɗaki.

Ya ɓalle wata daga can ƙurya,
ya karkata kofi, ya zuba a hankali.
Launin karan dawa bayan girbi,
garau, har ina hango yatsansa ta ɗaya gefen.
Kumfa ta hau yatsa biyu ta zauna,
ba ta yi saurin baƙon da ya ga hadari ba.
Na kurɓa.
Da farko ɗanɗanon ɓawon burodi,
sannan ɗacin gauta ya biyo baya,
ya gaishe ni, ya share wurin zamansa, ya fita.

A nan ne Kaka Kyauta ta faɗo mini.
Zonkwa, bayan gida, tukwane uku kan murhu,
dawa ta jiƙa ta tsira an shanya a tabarma.
Ba ta san wata kwanan wata a jikin tulu ba.
Kunne take karawa a bakinsa,
ta ɗaga mana hannu mu yi shiru.
Burkutun da ya daina magana ya mutu, in ji ta,
wanda kuma ya cika surutu bai nuna ba.
Fasto yana wucewa yana kau da kai,
amma kuɗin makarantar babana
daga cikin tulun nan suka fito, kwabo kwabo.

Ban san lokacin da na kai kofin kunnena ba.
Dubek ya dube ni, bai yi dariya ba.
Tana magana, ƙasa ƙasa,
kamar yayyafi a kan jinka.

Dala goma sha huɗu da 'yan canji.
Na rungume kwalin har tashar bas,
santsi na neman kayar da ni sau biyu.

Baban Ingrid bai dubi takalmina ba,
bai tambayi albashin ma'aikacin jinya ba.
Kwalbar ya juya, ya gyara tabarau,
ya zuba, ya ɗaga ta saitin fitila,
ya kurɓa, ya yi shiru mai tsawo
har agogon bango ya shiga zancen.

Wa ya koya maka? in ji shi.

Sunan Dubek na bakina.
Na ce, kakata.

Ya sa ƙafa ya turo mini kujera.