Ɗaki Mai Lamba Ɗari Huɗu da Tara

Shekara goma sha ɗaya nake tara kuɗin nan
a gwangwanin shayi, bayan buhunan fulawa,
duk Asabar in mun rufe gidan burodinmu a Valparaiso.
Eleuterio ne ya ce,
"Fresia, kafin gwiwa ta ƙi mu,
mu je kudu mu ga dutsen ƙanƙara da idonmu."

Kwana uku muka yi a teku lafiya lau.
A na huɗu miya ta daina ɗanɗano.
Na ƙara gishiri, na sake ƙarawa,
har matar da ke gefena ta ja kujerarta baya.

Likita ta zo da takunkumi, ido kawai nake gani.
Ta zura tsinken auduga a hancina,
ta dubi agogo, ta dubi layi biyu,
ta ce kwana bakwai.
Shi kuwa gwaji ya wanke shi tas,
aka haura da shi bene na sama
da jakarsa, da silifas ɗina ƙafa ɗaya.

Taku shida ne ɗakin, na auna,
biyar da rabi in jirgi ya karkata.
Taga guda, zagayayya kamar faifai, ba ta buɗuwa.
Da dare ganga na tashi a saman kaina,
ana rawar da na biya kuɗinta,
ni da zazzaɓi muna tamu a ƙarƙashin bargo.

Ƙwanƙwasa uku: Rodel ne.
Ya ajiye faranti, ya ja da baya taku biyar,
sannan in buɗe.
Mutumin Iloilo ne, wata tara rabonsa da gida,
'yarsa ta fara tafiya a cikin waya.
Ranar da ya faɗa mini
na ji kunyar ƙirga kwanakina da ƙarfi.

Safiyar Laraba lasifika ta yi gyaran murya:
"Ga dutsen ƙanƙara nan ta hannun dama."
Tagata ta hagu ce.
Na ji ƙafafu ɗari suna gudu a sama,
na manna goshi a gilashi.
Baƙin dutse, ruwa kalar toka,
da wani tsuntsu da bai damu da kowa ba.

Sai wayar ɗaki ta yi ƙara.
"Fari ne," in ji shi. "A'a, shuɗi ne.
Kin tuna firjin shago
lokacin da muka yi wata biyu ba mu kankare shi ba?"
Shekara arba'in da aure,
mutumin nan bai taɓa iya ba da labari ba.
Na yi dariya har tari ya ƙwace ta.
Can sai wata tsawa ba hadari,
jirgi ya yi rawa, cokali ya faɗi.
Ya yi shiru. Na ji numfashinsa.
"Wani ɓangare ne ya rufto," ya ce,
"ban ɗauki hoto ba, ina riƙe da ke."

Da yamma ƙwanƙwasa uku, ba lokacin abinci ba.
Kofin gilashi a ƙasa,
ciki ƙanƙara kamar dunƙulen hannu.
Daga nesa Rodel ya ce
masu kwale-kwale ne suka tsamo ta a ruwa,
wai ta girmi kakan kakana.

Na kai ta kunne.
Tana ƙas-ƙas a hankali,
tsohuwar iska na fita daga kurkukunta.
Na ɗora ta a goshi.
Ta gangaro ta gefen hanci, ta shiga bakina.

Ba ta da ɗanɗano.
Amma wannan karon ba laifin harshena ba ne,
ko kuwa nasa ne, oho.
Saura kwana uku.
Silifas ɗina har yanzu yana sama.