Dama da Hagu

Shekara huɗu ke nan motata na kwana a waje,
ƙanƙarar Ottumwa na naɗa mata farin rawani,
don gareji ya zama ɗakin jego:
jirgi nake haifa, gaɓa-gaɓa,
daga akwatunan da ake jibge mini a ƙofa.

Daren yau na jijiyoyi ne.
Sandar tuƙi na tsaye a gaban kujera,
bebiya tukuna, ba ta gaya wa fiffike komai.
Na zura dogon bututu ta cikin haƙarƙari,
na kai shi ga gwiwar ƙarfe,
gwiwa ta miƙa wa ɗan guntu,
ɗan guntu ya kama leɓen fiffike.
Saƙo hannu da hannu, kamar bokitin kashe gobara:
mutum ɗaya ya saki, gida ya tafi.

Ina rigingine, tocila a baki,
sifana na zillewa daga yatsun da sanyi ya ci.
Washa ta suɓuce. Na ji ta, ƙil, can cikin ciki,
inda hannu ba ya kaiwa sai maganaɗisu da addu'a.
Minti arba'in ina farautar abin da bai kai kwabo ba.

Babana, Mati mai keke, bakin tashar Malumfashi,
yakan ɗaure noti ya karkata kunne.
"Kar ka matse shi har ya yi kuka,
kar ka bar shi yana dariya."
Ni ina da ma'aunin da ke cewa ƙas in ya isa,
amma har yau kunnensa nake aro.
Sai dai keke in ya ƙi, a sauka a tura.
Sama ba ta da gefen titi.

Na soka fil a kan kowane noti,
na lanƙwasa masa ƙafafu,
na ɗiga jan fenti, shaidar an gama.
Goma sha huɗu. Sau biyu na ƙirga.
Na juya sanda, santsi kamar ludayi cikin fura,
ba cijewa, ba girgiɗi.
Na yi hamdala da ƙarfi, har karen maƙwabta ya amsa.

Sai ga Yahanasu da kofin shayi,
rigar sanyina na jan ƙasa a bayanta.
Shekararta tara.
Tsoho Orrin na tsallaken titi, da ya tuƙa jirgin feshi,
ya koya mata wani wasa da babban yatsa.
Ta haye kujera, ta cafke sanda, ta kai dama,
ta leƙa.

"Baba, wannan na nuna. Don me ya sunkuya?
Orrin ya ce wanda ka nuna shi ke ɗagawa."

Hita na ta huci a lungu.
Na karɓi sandar. Na kai dama: leɓen dama ya sauka.
Na kai hagu. Ban ma duba ba.
Gwiwoyin biyu na kifa,
na ɗaure su tamau, na yi musu ado da ja.
Da na tashi a haka, in roƙi dama ya ba ni hagu,
cikin ladabi, ba musu,
har tsakiyar gonar masarar wani bawan Allah.

Ana cewa abin da babba ya hango,
yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.
Wannan kujera kawai ta hau.

Na ɗauko filaya.
Fil ɗin da aka lanƙwasa ba ya komawa aiki;
ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa gwangwani.
Shayi ya yi fata.
Uwarta na kira daga ciki, gobe akwai makaranta.

Na ce, "Minti biyar. Riƙe mini tocila."
Ta ce, "Ta dama ko ta hagu?"
Na ce, "Ke za ki faɗa."