Ruwan Bur Sudan

Daren farko Nafi'u ya kurɓi ruwan randa, ya tofar.
Ya ce, "Inna, wani ya yi kuka a cikin ruwan nan."
Ban yi masa ƙarya ba.
Na ce, "Haka yake, ɗana, da teku yake maƙwabtaka."

Rumasa'u kuwa ko uffan.
Tun daga Mai Wurno take rungume da gwangwanin madara
mai ɗan tsiron lemo a ciki.
A Gadarif ta ba shi rabin ruwan shanta,
a Kasala ta kare shi da mayafi,
mu dai ba ta dube mu ba.

Ubansu tun asuba yana bakin tasha
yana ƙirga buhunan riɗi,
ni ina gida ina ƙirga shiru.

Baƙo makaho ne ko da idonsa.
Sai na ɗauki tsinke na zana musu unguwa a ƙasa:
ga mai burodi,
ga masallaci mai koren ƙyaure,
ga inda jakin mai ruwa ke tsayawa ya yi gardama.
Na ce su raɗa wa jakin suna.
Suka ce Alƙali.
Ranar aka fara dariya a gidan nan.

Ban ce su manta ba.
Duk Juma'a mukan kira Goggo,
ta miƙa wayar wajen kogi
su ji Nilu yana wucewa ba tare da su ba.
In kuka ya zo, nakan matsa masa a tabarma,
shi ma ya zauna.

Wata biyu, sai ga Ohaj, yaron maƙwabta,
ya ja Nafi'u bakin teku,
ba Hausa, ba cikakken Larabci, sai gudu.
Ya dawo aljihu cike da ɓawon kodi,
ya kara mini ɗaya a kunne:
"Inna, ji, kogin gida ya biyo mu."

Jiya lemo ya yi sabon ganye, ɗan mitsitsi.
Rumasa'u ta ce gwangwani ya yi masa kaɗan,
a ina za ta haƙa rami?
Na nuna mata gindin katanga.

Sun yi barci yanzu.
Na ɗebi ruwa a randa, na kurɓa a hankali.
Har yau ina jin gishirin.
Gobe zan tambaye su yadda suka yi.