Nauyina a Shinkafa

Ana sallame asuba muke sulalewa,
ni da baban Sajida,
ta lungun majema, mu gangara mayo,
inda ruwa ya yi ƙaura ya bar mana yashi kyauta.
Ba kowa sai wani jaki, shi kuwa ba ya kai gulma Domayo.

'Yan kasuwar albasa ne suka sa gasar:
ranar rufe kaka, kowa ya saɓo matarsa ya ruga
daga ƙarƙashin gada zuwa tsamiyar can.
Wanda ya riga, a ɗora matar a sikeli,
a auna masa nauyinta a shinkafar Yagwa.
Da ya zo min da zancen na ce, "Malam, rana ce ta buge ka?"
Ya ce, "Buhu nawa na ɗauka a garin nan,
ko ɗaya bai taɓa yi min sannu ba."

Ranar farko goya ni ya yi,
taku tara muka zube.
Yashi a baki, yashi a kunne,
yana laluben silifas, ina laluben mutuncina.
Rana ta uku ya ce kafaɗa ta fi,
ƙafafu gaba, kai ƙasa, kamar kazar da za a kai kasuwa.
Na sa wando ƙarƙashin zane, na ɗaure kallabi tamau.

Tun ranar nake ganin Marwa a kife,
darbejiya a rataye, dutse yana lilo,
ga diddigensa dab da hancina,
faso huɗu a dama, uku a hagu.
Shekara goma sha bakwai muna ɗaki ɗaya
ban taɓa ƙirga su ba.

Ga lissafin da ya hana mu barci:
in na rame, ƙafa ta yi sauri, buhu ya ƙanƙance;
in na ƙara loma, buhu ya cika, gwiwa ta yi kuka.
Da dare ya turo min kan kifi, ya ce, "Ci."
Da safe, a taku na arba'in, ya ce, "Barira, wa ya aike ki?"

Na koyi sakin jiki.
Kaya mai rai in ya tsorata nauyinsa biyu ne.
Na koyi fitar da numfashi lokacin da yake jan nasa.
Ni ce agogo, ni ce mai tsaron baya,
"Ba kowa, ƙara mai!"
alhali dama ba kowa.

Jiya ya durƙusa kafin tsamiya,
ya daɗe dafe da ƙugu bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Sauran fa yara ne,
matansu kamar sillen kara."
Na ce, tashi.
Ka manta daminar da amai da gudawa suka shigo unguwa,
mayon nan cike fal, ba babur, ba amalanke?
Wa ya goya ka daga ƙofar gida har bakin kwalta?
Ranar ba sikeli, ba mai tafi,
kuma ko kaɗan ba ka iya zama kaya ba.
Bashi kake biya, saura taku sittin.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya kakkaɓe gwiwa, ya sunkuyo.

Saura kwana shida.
Inna ta aiko wai ta ji labari, kuma ba ta ji daɗi ba,
amma in an ci
a tuna tuwon shinkafa kaɗai haƙoranta ke iyawa yanzu.
Na sayi man kaɗanya na dala ashirin saboda faso.

Yau mun wuce tsamiya da taku uku,
bai lura ba, ni kuwa ban faɗa ba.
Ina can a kife ina kallon abin da muka bari a yashi:
sawun mutum ɗaya,
mai zurfi.