Masu Karatun Dare

Arba'in aka kawo mana a kwali,
kwamfutocin hannu, kowace da hatimin hukuma a bayanta.
Aka ɗauki hoto a gindin mangwaron makaranta,
Aboabo ta yi tafi, manya suka shige motocinsu.
Yara sittin da uku ne a ajina.
Soket ɗaya, shi ma sai an tokare shi da tsinken ashana.

Takarda ta biyo sawu daga ofishin ilimi:
awa goma duk mako ga kowace na'ura,
akwai inji a Accra yana ƙirgawa.
Wanda ya gaza zai yi bayani.
Wanda ya fasa, albashinsa ne zai yi.

Wutar unguwarmu kuwa baƙuwa ce marar sallama,
da rana tana can Adum wajen masu kanti,
sai dare ya raba take dawowa da sanɗa.

To ni Malam Sumaila in yi yaya?
Na saya wa maigadi koko da ƙosai, na ɗora sidi ashirin,
Baba Tanko, wanda bai taɓa zama a benci ba.
Na ce in wuta ta zo ka jona, ka kunna,
ka riƙa dangwala gilashin kada su yi barci.
Da haka ajina ya zo na ɗaya a gunduma.

Ran wata Talata ta iso bayan ruwa,
Madam Serwa Bonsu mai duba makarantu,
daga tro-tro ta sauko, jar laka har idon sawu.
Ta ƙirga. Arba'in cif.
Ba tsaga, ba ƙwarzane, ba maiƙon yatsun yara.
Ta dube ni ta saman tabarau:
"Malam, aljanu kake koyarwa?
Ƙarfe biyun dare suke yin lissafi,
kuma kowace tambaya amsar farko suke dannawa.
In ba ƙira, me ya ci gawayi?"

Yawu ya ƙafe a bakina.

Ta ja benci can baya, ta matse tsakanin Adiza da Fuseini.
"Ci gaba da darasinka."
Na ɗauki guntun alli na rubuta uku bisa huɗu.
Adiza ta ɗaga hannu:
"Tukunyar shinkafa da waken innata ce kafin azahar,
kashi ɗaya ya rage, na 'yan bashi."
Madam ta danne dariya da bayan biro.

Ta zaro na'ura guda ta miƙa wa Fuseini.
Ya goge tafinsa a riga sau biyu,
ya karɓa kamar ƙwan da ba nasu ba.
Caji ya ƙare. Ya leƙa baƙin gilashi ya ga fuskarsa.
"Madam, madubi ne?"
Ba wanda ya yi dariya.

Ta daɗe tana rubutu.
Sannan ta ce, "Lamba sha bakwai fa?
Mako uku ke nan tana cin tara cikin goma.
A hannun wa take kwana?"

Aka taso Baba Tanko daga barcin hantsi.
Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.
"Wata yarinya ce a ciki take magana,
in na kuskure sai ta ce in sake.
Dare da tsawo, Madam. Na ji kunyar ƙyale ta."

Na hango takardar sa'ad da iska ta ɗaga gefenta.
Ɗalibai masu amfani da na'ura: ɗaya.
Shekaru: sittin da takwas.
Abin da ake bukata: soket, batir, da wutar rana.
A ƙasa, da jan biro, sunana,
Alhamis ƙarfe tara, in zo ofis.

Zan je.
Baba Tanko ya ce zai raka ni,
yana son ya karanta allon ƙofar da kansa.