Gurbi na Bakwai

Magajin gari ya ba ni takarda da biro,
ya ce in ƙidayo tsofaffin Damagaram
kafin zaman kasafi na ran Laraba.
Gurbi bakwai ne a takardar:
suna, shekaru, ido, ƙafa, ciwo, abinci,
sai na ƙarshe: wa ke kula da shi?

Na fara da Birni, bayan dutse,
gidan Kyari majemi.
Shekara hamsin hannunsa cikin ruwan bagaruwa,
yau yatsun ba su riƙe buta.
Na ce, Baba, shekaru nawa?
Ya ce in rubuta ya girmi famfon unguwa,
kuma shi bai taɓa ƙafewa ba.
'Ya'ya fa?
Ɗaya na Agadas, ɗaya ya ƙetare Libiya,
waya takan yi kuka ran salla.
Na rubuta: akwai.
Biron ya yi mini nauyi.

A Zango na sami Tsahara,
ido ya tafi tun bara waccan.
Wa ke ɗebo miki ruwa?
Lawali mai kura, jarka biyu, ko dala bai karɓa.
Tuwo fa?
Laure ke miƙo kwano ta kan katanga,
har ranar da muka yi faɗa,
sai dai ran nan babu man shanu.
Gurbin bai ɗaukar suna biyu.
Na matsa su a gefe, ƙanana, kamar masu laɓe.

Ran Laraba wuta ta ɗauke,
muka zauna muna fifita da rahoton.
Wani kansila ya ce a gina gidan tsofaffi.
Wani ya buga tebur:
garin nan bai taɓa kai iyayensa ajiya ba!
Ma'aji bai ɗago kai ba.
Mutum ɗari huɗu da sha biyu, in ji shi,
kuɗi kuwa na keke tara ne,
da tabarau, da man babur ɗina.

Na ɗaga hannu.
Na ce a biya wa Lawali kuɗin jarka,
a kai wa Laure buhun hatsi,
kada ta gaji.
Aka duba kasafi sama da ƙasa,
babu layi mai suna maƙwabtaka.
A bari sai zama na gaba.

Bayan isha na isa gida.
Inna na kan tabarma, ta sha maganinta.
Wa ya ba ki?
Ɗiyar Haru, ta ce, ita ta kama ni zuwa bayi.
Takarda ɗaya ta rage a jakata.
Na cika gurbi shida ba tare da na tambaye ta ba.
A na bakwai na sa sunana,
na daɗe ina dubansa a hasken tocila,
sannan na ce, Inna,
yarinyar nan, mene ne sunanta?