Bangon da Ke Numfashi

Na zo Cobridge da takarda mai hatimi,
shekara huɗu ina karatun tsara birane,
taswira a hammata, ja da shuɗi.
Ja: a rushe. Shuɗi: a dakata.
Layin nan duka ja ne.

Gida goma sha tara an rufe musu ido da katako,
na ashirin kaɗai ke da labule.
Maureen ce ta buɗe, shekara saba'in da shida,
yatsunta sun tanƙware wajen zana fure a kan tangaran
kafin masana'anta ta kashe wutarta.
Ta juya taswirar kamar mai duban kuɗin jabu:
"Ina itacen tuffa na bayan lamba tara?
Ina kwatar da ke amai duk watan Nuwamba?
Ina inda motar haya ta daina tsayawa?"
Ban sa ba. Ba a koya mana ba.
Ta ce, shigo, shayi na hucewa.

Ita ta haɗa ni da Wilf Podmore, magini,
huhu ɗaya ya rage masa, shi ma haya yake.
Ya ɗora tafina a bango kamar mai gwada zazzaɓi:
"Ka ji? Gumi yake yi.
Wani gwani ya shafe shi da siminti, ya toshe masa hanci.
Tsohon jan bulo farar ƙasa yake so,
wadda za ta sha ruwa ta kuma saki."

Sai ga kakana a Zariya, wando a naɗe,
yana taka ƙasa da ramno,
yana cewa gini ma rai gare shi.
Dariya na yi masa a lokacin.
Na ƙetare teku, na biya kuɗi masu zafi,
don wani Bature mai tari ya maimaita mini.

A tsohuwar majami'a muka kafa makaranta,
ba allo, ba kujera, bokitai muka kife.
Kieran ya zo, wanda makarantu biyu suka sallama,
layi uku na rubutu kan sa shi ciwon kai,
amma idonsa ya fi igiya miƙewa.
Nasreen ta zo da jariri a ƙirji,
ta zauna da takardar neman tallafi, shafi arba'in da biyu,
ta yi mata ƙaya-ƙaya kamar mai gyaran kifi.
Ni kuwa, mai digiri,
wata uku ina kwaɓa kafin a ba ni cokalin gini.
Abin da ya fi ba ni wuya
rufe baki a taron unguwa,
in bar mutum ya gama fushinsa,
don a gindin fushin ake samun ma'auni.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani,
amma hannu goma ma, in ba wanda ya nuna musu gefe,
sai su kife ta a kan mai gida.

Bana Wilf ba ya hawa tsani.
Yana zaune kan bokiti, sanda a hannu,
yana nuna kuskure daga nesa.
Jiya Kieran ya riga shi gani.
Tsohon ya yi shiru, ya juya fuska, ya ce ƙura ce.

Gida bakwai sun buɗe ido.
A lamba tara ana soya albasa,
tuffa ta faɗo, yara sun tsince.
Taswirar nan tana ƙasa, ƙarƙashin gwangwanin fenti,
ta tare ɗigo, ta yi amfani.

Na je wa Maureen da albishir.
Ta leƙa ta taga, ta ƙirga da yatsa tanƙwararre.
"Saura sha biyu," ta ce.
"Kuma Nuwamba na tafe. Ka duba kwatar?"